Balan-balan da tumbin saniya

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, malamin kimiyya ya ce zai kai mu Gadaka mu hau duwatsu mu tsinto ganyayyaki, amma motar ba za ta ɗebi kowa ba, sai wanda gwajinsa ya yi kyau. Ni kuwa ko hanyar Fika, yankin da Gadaka take, ban taɓa takawa ba, sai na ɗauki tafiyar nan kamar aikin Hajji.

Gwajin da aka ba ni na kashin shanu ne: a dama shi da ruwa a galan, a ɗaure balan-balan a bakin, iskar da ke tashi ta hura shi. Da yake ni 'yar gayu ce, busasshe na tsinto a bayan gidanmu a unguwar Dogo Nini, na dama da kara ina toshe hanci. Kwana biyar balan-balan ɗin nan yana langaɓe kamar kunnen akuya.

Mahaifina mahauci ne a kasuwar shanu. Gaskiya ban cika faɗin haka a makaranta ba, 'yan ajinmu akwai tsokana. Ran nan ya dawo ya tarar da ni ina sharɓar kuka a gaban galan, saura kwana uku a duba. Ya tsuguna, ya sa na yi masa bayani har sau biyu, sannan ya yi dariya.

"Uwata, wannan ai ya riga ya mutu. Ba ki taɓa ganin saniya mai kumburin ciki ba? A tumbi iskar take."

Washegari sai ga shi da leda cike da abin da ya kwaso daga tumbin saniyar da ya yanka, da ɗuminsa. Wari kam, Allah ya kiyaye! Mahaifiyata ta ce ni da shi duk mun zautu. Shi dai ya juye a galan, ya girgiza, ya ce in ajiye a rana. Kafin kwana biyu balan-balan ya miƙe ya yi tim.

Da malam ya tambayi yadda na yi, saura kaɗan in ce a littafi na gani. Sai dai na ce babana ne ya nuna mini, mahauci ne. Wasu suka ƙyalƙyale. Malam ya ce su yi ta dariya, ya rubuta sunana a saman jerin masu tafiya.

Na je Gadaka, na zame a dutse, silifas ɗina ya tsinke, na dawo da ganye cike da jaka ina murna. Na gaya wa mahaifina abin da na faɗa a aji. Sai ya ciro tsokar da ke kwanonsa ya sa a nawa.

Yanzu in aka tambaye ni 'yar wace ce, da mahauci nake farawa. Kuma har yau in na ga balan-balan a gidan biki warin tumbi nake ji, daɗi ma yake mini.