Mma Zalia da Katin Duba

Na taɓa yin faɗa da Mma Zalia a bakin famfon Moshi Zongo, har masu ɗiban ruwa suka ajiye jarkoki suna kallo. 'Yata Samiratu ce ta je wurinta, ta zaro kati mai hoton jirgin ruwa, sai ta tafi Kumasi kayayo, wato dakon kaya a ka. Na ce Zalia ta kore mini yarinya. Ta ce yarinya da jakarta a ɗaure ta zo mata, hoto kuwa ba shi da mota. Na zage ta, ta rama da ƙari. Tun ranar muka ƙulla ƙawance, don ban taɓa samun wadda ta iya da bakina ba sai ita.

Katin duba ba kartar da maza ke bugawa a tasha ba ce. Manyan katuna ne masu hotuna: wani rataye da ƙafa, hasumiya tana ci da wuta, ƙwarangwal a kan doki. Mijin Zalia, direban babbar mota, shi ya zo da su daga Lome, ya mutu ya bar mata. A unguwarmu in mace ta ce za ta je ganin kati, an san ɗakin Zalia ta nufa, kuma an san ko miji ya sauya, ko ɗa ya yi shiru a Libiya. Zalia takan shimfiɗa tabarma, ta sa mace ta zaro da hannunta, ta tambaye ta me ta gani. Mai zuwan ce ke yin yawancin zancen.

Amma aikin da Zalia ke taƙama da shi daban ne. Ita ke wankan gawar mata daga Moshi Zongo har Nyohini, gado daga gwaggonta. Hannunta da taushi, bakinta a rufe. Abin da ta gani a jikin mamaciya, tare da ita ake binne shi.

Mutanenmu fa sai suka haɗa biyun. In Zalia ta shiga gaida mara lafiya, a ce ta gani a kati, ta zo auna likkafani da ido. Aka fara ɓoye mata masu zazzaɓi. Da Lamisi mai koko ta kwanta, Zalia ta kai mata farfesun zabo, Lamisi ta rasu a makon. Zalia ta zo da soso da sabulu da turare, sai Abdulfatawu, ɗan marigayiya, ya tare ƙofa.

"Mma, kin gani kika yi shiru. Ba za ki taɓa ta ba."

Lamisi kuwa ta sha roƙon Zalia ita za ta wanke ta. Zalia ta tsaya a waje tana jin ƙarar ruwa daga hannun waɗanda ba su san ta inda ake farawa ba. Ba ta yi kuka a nan ba. Ta koma gida ta hura murhu, ta jefa katunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora tukunya a kai don kada wutar ta tafi a banza. Mata suka yi ta roƙon ta koma duba. Ta ce masu rai suna da baki, su nemi mai saurare, matattu ba su da kowa sai ita.

Ba nan take aka yarda da ita ba. Aka yi ta mutuwa ba a kiranta, tana zuwa ta zauna cikin masu makoki kamar kowa. Sai da wata mai jego ta rasu, masu wankan suka ja da baya don tsoro, aka aiko mata a guje. Daga nan babu gawar mace da ta fita unguwar ba ta bi ta hannunta ba.

Bana gwiwa ta ci ƙarfinta, ɗanta Sayibu ya zo da keke mai ƙafa uku zai mayar da ita gonarsa a Gbalahi. Ana loda kaya na riƙe ƙarfen keken na ce:

"Zalia, ki kula mini da gwiwar nan. Na gaya wa 'ya'yana, ko goyo ne su goyo ki, ke za ki wanke ni. Kada ki kuskura ki riga ni."