Rigar Shiga Daji ta Malam Zulkiflu

Shekara ashirin da ɗaya Malam Zulkiflu Maje ya yi yana tuƙa bas a gabashin Landan, kuma a cikin fasinjojin da yake kwasa daga Dagenham zuwa Barking babu wanda zai kalle shi ya ce ɗan sarkin baka ne. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji, gemunsa ya fara furfura, ba ya son dogon zance. An haife shi a wani ƙauye gefen dajin Ningi, a gidan da ake rataye kwari a bango kamar yadda wasu ke rataye carbi. Tun bai kai shekara goma sha biyu ba ya iya bin sawun gada, ya iya kwanciya rub da ciki a cikin sabara har ƙafarsa ta mutu bai motsa ba. Karatun safiyo ya kawo shi Ingila. Bai ƙarasa karatun ba, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, ƙaramar hukuma ta ba su flat a hawa na uku, rayuwa ta miƙe a haka.

Sai da ya haura hamsin sannan bakan ya sake dawo masa. Wani abokinsa Davou, mutumin Jos da ke aikin jinya, shi ya ja shi zuwa wata ƙungiyar masu harbin kibiya da ke haɗuwa ran Laraba da yamma a zauren wasannin wata makaranta. Bakan nasu na zamani ne, mai 'yan tayoyi a kai da gindi, amma hannun Zulkiflu bai manta ba. Cikin wata uku ya fi kowa a zauren. Abin da ya dame shi ɗaya ne, takarda suke harbi. Takarda mai zane-zanen da'ira, ba ta gudu, ba ta jin ƙanshin mutum.

Ranar da ya tambayi shugaban ƙungiyar inda ake zuwa farauta, mutumin ya dube shi kamar ya yi saɓo. Ya ce masa a ƙasar nan doka ta hana harbin kowace dabba da kibiya, ko da zomo ne a gonarka. Zulkiflu ya dawo gida yana huci.

"Barewa na tsallaka titi a gabana da asuba ina tuƙi," ya ce wa matarsa Turai. "Jiya biyu na gani. Amma wai in taɓa ɗaya da kibiya, kurkuku."

"To ka bar musu abarsu mana, Baban Afrah," in ji ta.

Bai bari ba. Davou ya binciko cewa a Sifaniya an yarda, in dai mutum ya nemi izini ya bi ta hannun mai jagora. Suka yi wata biyar suna cike takardu, suka samu wani mai jagora a tsaunukan arewacin ƙasar, suka yi booking na kwana uku a ƙarshen Afrilu. Mai jagoran ya so ya haɗa su da aladen daji, Zulkiflu ya ce a'a, barewa kawai. Aka ba su izinin namiji ɗaya kowannensu. A ƙasan saƙon mutumin ya rubuta cewa su zo da tufafin ɓad-da-kama, domin mai baka sai ya matso taku ashirin ko talatin kafin ya yi harbi.

Daga wannan layin ɗaya wahalar ta fara.

Zulkiflu ya zaci abu ne na shiga kanti a ɗauko. Ya zaga Dagenham, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har tsakiyar gari, abin da ya samu sai rigunan gayu masu dabbare-dabbare irin na samari, da tsofaffin kayan soja masu warin sito. Babu kantin da ya san abin da mai baka ke nema, tunda babu mai yin sa a ƙasar. Dole ya koma kan waya. Can kuwa abin ya fi ƙarfinsa, zane ya fi kala ɗari, kowanne da sunansa, kowanne masu shi na rantsuwa cewa shi ne dabba ba ta gani.

Rigar farko da ta iso kyakkyawa ce, an zana mata busassun ganye da rassa kamar ka kai hannu ka tsinko. Ya sa ta a falo, ya ɗauki hoto ya tura wa mai jagoran. Amsa ta zo da hoton tsaunin da za su je, kore shar, ciyawa har gwiwa. Rigarsa ta dajin Amurka ce a lokacin kaka. Ya naɗe ta ya mayar.

Ta biyu koriya ce, kuma ba ta shan ruwa. Ya yi murna har sai da ya ɗaga hannu kamar zai ja tsirkiya, rigar ta ce ƙwaras. Ya sake gwadawa a hankali. Ƙwaras. Turai ta leƙo daga kicin.

"Wa ke buɗe leda?"

"Rigar ce."

"Ni da nake soya albasa na ji, balle barewa."

Ya tuɓe rigar. Ita ma ya mayar da ita, ya yi layi a gidan waya ranar hutunsa, yana tsaki.

Ta uku ta zo a tsakiyar Maris. Laushi gare ta kamar bargo, ba ta ƙara ko kaɗan, launinta kore da toka-toka da ƙasa-ƙasa a manyan faci. Ya sa ta zuwa zauren harbi ran Laraba. Ya ja, ya saki, tsirkiya ta fyaɗi hannun rigar, kibiya ta bar takardar gaba ɗaya ta caki labulen da ke baya. Kowa ya juyo yana kallonsa. Shi da bai taɓa kuskuren takarda ba. Ya sake gwadawa, wannan karon tsirkiyar ta kamo murfin aljihun ƙirji. An ɗinka rigar ne don dogayen Turawa masu bindiga, hannunta ya yi masa buhu.

"Malam, kada ka sake mayarwa," in ji Davou. "Lokaci ya ƙure. Akwai wata mata a Deptford, ita ke gyara mini kayan aiki. Mu kai mata."

Ajara sunanta, 'yar zangon Kumasi ce, shagonta ɗan ƙarami a bayan wani mai sayar da doya da busasshen kifi. Ta juya rigar, ta dubi Zulkiflu daga sama har ƙasa.

"Alaji, kai soja ne?"

"Direba ne ni, Hajiya. Farauta za mu."

"A London? Me za ka kama, fox?"

Ya yi mata bayani a gajarce. Ta sa shi ya miƙa hannun hagu kamar yana riƙe da baka, ya ja na dama har kunne, ya tsaya a haka tana bin sa da allura mai kai. Mata biyu da suka zo karɓar ɗinkin biki suna zaune suna kallo, ɗaya ta rufe baki da gyale.

"Wannan aljihun zai tafi," in ji Ajara. "Wannan maɓallin ma zai tafi. Wuyan ya yi tsawo, zan rage shi. Matanka ya san kana nan kana wannan abu?"

"Ta sani."

"To Allah ya ba shi haƙuri."

Amma aikinta ya yi kyau. Bayan mako ɗaya rigar ta zauna a jikinsa kamar a kansa aka yanka ta, kibiya shida ya jera a tsakiyar takarda. Ya dawo gida da fara'a, karo na farko cikin wata biyu, ya rataye ta a bayan ƙofa.

Washegari ya dawo daga aiki ya tarar da ita a kan abin shanya, tana tashin ƙamshin furanni. Turai ta ga ta sha hannu a shagon tela, ta haɗa ta da kayan gida ta wanke da omo da ruwan laushin tufafi, har ta turara ta da turaren wuta kamar yadda take yi wa duk kayansa.

"Turai! Me kika yi?"

"Wanki na yi. Laifi ne?"

"Dabbar da ke jiyo mutum daga bayan tsauni! Yanzu da wannan zan je mata, kamar ango?"

"Ai da sai ka faɗa. Shekara ashirin da shida ina turara maka kaya ba ka taɓa cewa uffan ba, yau saboda naman daji za ka ɗaga mini murya?"

Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ya san bai kyauta ba, kuma sanin hakan ya ƙara masa haushi. Sai da ya wanke rigar sau huɗu da ruwa zalla, ya shanya ta a baranda mako guda, sannan ya ɗaure ta a jaka tare da ciyawa da ganyen da ya tsinto. Kwana biyu Turai ba ta ce masa komai ba sai "ga abinci".

Saura kwana goma tafiya, wata damuwar ta taso masa. A waya ya karanta cewa wasu zanen na kyau a kusa, amma daga nesa sai su haɗe su zama baƙin dunƙule. Ya ce sai ya gani da idonsa. Ran Lahadi da hantsi shi da Davou suka tafi wani babban fili mai kurmi da tafki a gefen Dagenham, inda mutane ke yawo da karnuka. Bai ɗauki baka ba, ya san doka. Ya sa rigar da wandonta da safar hannu, ya ja ƙyallen rufe fuska har ƙasan ido, ya shiga cikin wasu ƙananan itatuwa ya durƙusa. Davou zai yi nisa taku ɗari, ya juyo, ya dinga matsowa yana ɗaukar hoto har ya gano shi.

Davou bai gano shi ba. Kare ne ya gano shi, wani ɗan fari mai gashi, ya zo ya tsaya a gabansa yana haushi kamar zai shiɗe. Mai karen, wata tsohuwa, ta biyo shi, ta sunkuya ta leƙa, ta ga idanu biyu suna kallonta daga cikin ganye. Ihun da ta yi har tsuntsayen tafkin suka tashi. Zulkiflu ya miƙe da sauri yana ba ta haƙuri, miƙewar ta ƙara firgita ta, ta suri karenta ta ruga.

Ba a yi minti goma sha biyar ba 'yan sanda biyu suka iso. Ba su yi masa tsawa ba, amma sun tsayar da shi a bakin hanya kusan awa ɗaya, masu wucewa na rage tafiya suna kallo. Ya nuna katin aikinsa, da katin ƙungiyar harbi, da takardar izinin Sifaniya a waya. Davou ya nuna hotunan da ya ɗauka. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya daɗe yana duba wani hoto, ya faɗaɗa shi da yatsa, ya tambaya a ina mutumin yake a ciki. Davou ya ce shi ma bai sani ba. Suka sallame su da gargaɗin kada ya sake rufe fuska a wurin da jama'a ke yawo.

A mota Davou ya kasa riƙe dariya.

"Ka ga ai rigar ta ci jarrabawa, Malam."

"Don Allah ka yi shiru," in ji Zulkiflu. Ya tayar da motar. "Da gemuna, da shekaruna, a tsayar da ni a titi kamar ɓarawo. Wani fasinjana ya wuce, na gan shi, shi ma ya gane ni."

Sun tafi Sifaniya a ranar da aka sa. Kwana biyu ana ruwa, ba su ga komai ba sai sawu. A rana ta uku da sanyin safiya mai jagoran ya ajiye Zulkiflu a gindin wani dutse, iska na busowa daga gabansa. Ya yi awa biyu a durƙushe, gwiwarsa na zafi. Sai ga barewa ta fito daga kurmi tana kiwo. Ta matso taku talatin, ta matso ashirin. Ta ɗago kai ta dubi inda yake, ta ci gaba da cin ciyawarta. Kibiya na kan tsirkiya. Ya duba kanta da kyau, babu ƙaho. Mace ce, izininsa kuwa na namiji ne.

Ya jira ko namijin zai biyo ta. Ta yi kusan rabin awa a gabansa, har yana jin ƙarar tsinkar ciyawar a bakinta, sannan ta juya ta koma inda ta fito. Babu abin da ya sake fitowa. Da azahar suka sauko, da yamma suka kama hanyar filin jirgi. Davou ma bai harbi komai ba, amma shi ko a jikinsa, sai yabon cukun ƙauyen da suka sauka yake.

Da Zulkiflu ya shigo gida Turai ta karɓi jakarsa, ta yi masa sannu da hanya, ta dubi hannunsa ta ga babu wata jakar. Ba ta tambaya ba. Ya buɗe firiza zai ɗauki ƙanƙara ya ɗora a gwiwa, ya tarar da aljihun ƙasa fanko, an goge shi tas.

"Ina kayan da ke nan?"

"Na kai gidan ƙawata Talatu ta ajiye mini," in ji ta. "Na ce ko za a buƙaci wurin in ka zo da nama."

Ya ɗauki ƙanƙarar, ya rufe ƙofar firizar.

"Ki kira ta ki ce gobe zan biya in ɗauko," ya ce. "Ƙarfe biyar na asuba nake da aiki, sai dai in na tashi."