Jan Zaren Malam Sai-Me

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kai kuma Malam ka riga mu.

Ranar Laraba ce, tara ga watan Rajab, da hantsi. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, rediyo na kan taga, sai aka yanke waƙa a tsakiya. Wata murya ta ce Allah Ya yi wa Malam Sai-Me rasuwa bayan jinyar kwana shida. Na tashi da kumfa a hannu na kashe rediyon, na sake kunnawa, wai ko za su canza magana. Ba su canza ba.

Ni ban yi makaranta ba, surukata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina. Mai shara ce ni. Shekara ashirin da bakwai ina sharar gidan rediyon da kake aiki, kafin gwiwa ta zaunar da ni. To mai shara ba ta da kujera a taro, amma babu ɗakin da ba ta shiga. Shi ya sa na san ka, Malam, sanin da ko manyan ofis ba su yi maka ba.

Wanda bai san dalilin sunan ba, ga shi. Shirinsa na rediyo, Kafin Su Tafi, na tsofaffi ne. Ya rataya rikoda ya bi su gida-gida: tsohon direba, ungozoma, mai gyaran layin dogo, matar da ta ƙare ƙuruciyarta a masaƙa. Su yi ta ba da labarin zamaninsu, in sun yi shiru sai ya ce, a hankali, "Sai me ya faru?" Ita ke nan tambayarsa. Har yara a titi in sun hango babur ɗinsa sai su ɗauka, "Sai me! Sai me!" shi kuwa ya ɗaga musu hannu.

Malam, ba ka taɓa kunna rikoda a zuwan farko ba. Ka ce zuwan farko na gaisuwa ne, na biyu na sabo, sai a na uku baki ke buɗewa. Kuma ba ka zama sama da tsoho. In yana kan kujera kana tabarma, in yana tabarma kana ƙasa. Wandunanka duk sun koɗe a gwiwa, matarka ta sha yi maka ƙorafi a gabana. Wasu a ofis suna maka dariya, wai ana maganar duniya kai kana bin masu tari. Ka ce musu kunne ya girmi kaka, ka ci gaba da abinka.

Ni kuwa Darakta kake ce mini. Daraktar tsintsiya. Da safe in na shigo ɗakinka, wancan ƙaramin mai taga ɗaya da fanka mai kuka, kana zaune kana sauraron kaset, sai ka ɗage ƙafa ka ce, "Darakta ta iso, kowa ya gyara zama." In ce, "Ɗage ɗayar ma, malalaci." Haka nake shara muryoyin mutane na shiga kunnena, shekara da shekaru, har na san su kamar 'yan ɗakinmu.

Ban manta abin da ka yi mini ba da maigidana ya rasu. Mutum ne mai gyaran keke, ba ya magana, in ka ji jimla uku daga bakinsa a yini to an yi hira. Ashe ka taɓa zama a rumfarsa har sau uku ban sani ba. Bayan rasuwar ka zo ka miƙa mini kaset ka ce, "Naki ne, ba na rediyo ba." Na sa, sai ga mutumin nan yana ta zuba, har da dariya, yana ba da labarin ranar da ya fara ganina. Ni da na zauna da shi shekara talatin ban taɓa jin wannan labari ba. Da me zan biya ka?

To amma ba don yabo kaɗai na sa a rubuta wannan ba. Tun da ka tafi zama bai gan ni ba, kuma dole in faɗa maka dalili, don maganar taka ce.

Ka tuna tsohon telan nan. Ya ba ka labarin abin da ya raba shi da wansa, ya ce kar a sa sai bayan ransa. Ka rubuta a jikin kaset ɗin da biro. Ka kwanta zazzaɓi, wani abokin aikinka ya zo neman abin da zai cike shirin, ya ɗauka bai duba ba, ya sa. Gari duk ya ji. 'Ya'yan wan suka je har shago suka yi wa tsohon nan tas a gaban mutane. Ya rufe shagon bai ƙara buɗewa ba. Sau nawa ka je ƙofarsa? Ni na ƙirga sha ɗaya. Bai fito ba har ya koma ga Allah. Na same ka a ɗakin nan ka haɗa kai da gwiwa, ka ce mini, "Darakta, na ci amana." Na ce ba kai ba ne, rubutu ne, rubutu ba ya riƙe hannun kowa. Na kwance bakin zanena, akwai jan zaren da nake ɗinke-ɗinke da shi, na zura a ramukan kaset guda biyu na ƙulle. Na ce, "To sa shi a injin mu gani." Ya ƙi shiga. Ka dube ni ka dube shi, ka ce, "Wallahi ba banza aka ba ki darakta ba."

Daga ranar ya zama ƙa'idarka. Duk tsohon da ya ce sai bayan raina, ka ba shi jan zare ya ƙulle da hannunsa, ya gani da idonsa, tun da yawancinmu ba mu yarda da abin da ba mu iya karantawa ba. In ka dawo ka ce, "Darakta, shaida," ka faɗa mini mai shi, ka kwance zaren ka jiyar da ni farkon muryar kafin ka mayar da ƙullin. In mai shi ya rasu ka kira ni, mu yi masa addu'a, in sa reza in yanke. Ko bayan na bar aiki kana zuwa har gida da kaset a aljihu. Mu biyu muka san wannan. Nan ne kuskurenmu, Malam, ni da kai. Mun ɗauka ba za mu mutu ba ne?

Da ka rasu, lissafina sha ɗaya ne. Mutum sha ɗaya masu rai, masu jan zare. Ɗaya daga ciki ni ce. Kar surukata ta ɗago kai ta dube ni, ba zan faɗi abin da ke ciki ba. In na faɗa, me ya raba ni da almakashin da ke yanke zaren mutane?

Ranar Litinin da ta wuce na je gidan rediyo yi wa abokan aikinka gaisuwa. Aka ce mini za a karrama ka: daga Litinin mai zuwa, wata guda cur, kullum za a sa kaset ɗinka, kuma Injiniyan gidan ya fara juye su duka cikin kwamfuta. Na ce madalla. Na leƙa ɗakinka. Ka san idon mai shara, kan kwandon shara yake fara sauka. Malam, sai ga jan zare a ciki, guntu-guntu, a kan ɓawon lemo da takardu. Na juya wurin Injiniya.

Na ce, "Injiniya, wa ya yanke waɗannan?"

Ya ce, "Ni ne, Baba. Wani ne ya yi ta ɗaure su kamar kayan boka, ba sa shiga inji."

Na ce, "Bokan ga ta a gabanka. Ina kaset ɗin da ka cire wa?"

Ya nuna mini kwalaye. Kaset ɗari uku da wani abu, duk ya haɗe su, wai ya jera su bisa shekara. Bawan Allah, aiki ya ga ya yi, har yana jiran a yaba masa.

Na durƙusa na tsince zaren ɗaya-ɗaya, ina ƙirga ƙulli. Sha biyu. Na sake ƙirgawa. Sha biyu. To sha ɗaya na sani, na sha biyun fa? Wane ne ya ba ka amana ba ka shaida mini ba? Waɗanda na sani zan gane muryarsu ko cikin kasuwa ne. Wanda ban sani ba, ta ina zan kama shi?

Na shiga wurin shugabar gidan da zaren a tafin hannu. Mace ce mai kirki, amma ranar kanta ya ɗau zafi, waya biyu na kuka a gabanta. Ta ce, "Mama, an riga an sanar, mutane na jira. Ba tsofaffin labarai ba ne?" Na ce, "'Yata, tsofaffi ne, amma masu su na nan suna shan iska. Akwai wanda in aka sa nasa ranar Litinin, Talata ba zai iya fita ƙofar gidansa ba." Na ba ta labarin tela. Ta kife wayoyin. Ta ce, "Kwana nawa kike buƙata?" Na ce ban sani ba, kunnena na hagu ya tafi hutu, na dama ne kaɗai ke zuwa aiki. Ta yi dariya, ta ce ba za a sa ko ɗaya ba sai wanda na saurara na ce a sa.

Haka na koma aiki da tsufana, Malam. A kan kujerarka suka zaunar da ni, ni da ban taɓa yi mata komai ba sai goge ƙura. Injiniya na sa kaset, in ji farkonsa, in ce wuce, ko in ce tsaya. Ya daina ce mini boka, ya koma "ranki ya daɗe". Talata muka samu huɗu. Laraba uku. In na koma gida sai in zauna in tashi, in fita ƙofa in dawo, jikokina suna tambaya ko wani abu na ɓatar. Alhamis na ji wata mata ta yi gyaran murya, kafin ta ce uffan na buga tebur na ce, "Kashe!" Injiniya ya ce, "Ai ba ta fara ba." Na ce, "Na san ta, bakinta ba shi da linzami." Muryata ce. Na ƙulle kaset ɗin da hannuna.

Ranar Juma'a sha ɗaya suka cika. Saura zare ɗaya a bakin zanena, kwalaye kuma sun kusa ƙarewa. Na fara zargin kaina. Ko ya wuce ta kunnen hagu na ce a sa? Ko wata baiwar Allah na can tana shara a gidanta, ba ta san Litinin za a tona ta ba? Har haushinka na ji, Allah Ya yafe mini. Na ce Malam, ka tafi ka bar ni da ƙulli ba mai shi.

Jiya Asabar da azahar, saura kaset biyar a kwalin ƙarshe, Injiniya ya sa wani marar rubutu ko ɗaya a jiki. Na ji kukan fanka. Fankar ɗakin da muke zaune. Sai aka yi gyaran murya, aka ce, "To, yau dai babu tsohon da ya rage sai ni."

Kai ne.

Injiniya ya cire hularsa. Ka fara tun daga gidanku, mahaifinka mai gyaran agogo, da yadda kakarka ta rasu da labaranta ba wanda ya tambaye ta, abin da ya sa ka ɗauki rikoda ke nan. Ka zo kan tela, muryarka ta karye. Sai ka yi shiru. Shirun ya yi tsawo, fanka kaɗai ke kuka, babu mai tambayarka, kai da ka tambayi duniya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Sai me ya faru?"

Ka kuwa ci gaba, kamar ka ji.

Wannan zaren ban mayar ba. Mai shi ya cika sharaɗi. Mun yi maka addu'a ni da Injiniya yadda muka saba yi wa sauran, na kai wa matarka kaset ɗin, ta saurara da 'ya'yanka, ta ce a sa. Shi za a fara sawa gobe. Sauran sha ɗayan suna cikin akwati mai makulli a ofishin shugaba, na faɗa mata sunan kowa, na faɗa wa babbar 'yarka, na ba ta ragowar zaren da rezar. Yanzu har da Injiniya mu huɗu muka sani, ba biyu ba. Nawa kuma na ce musu kar su yi gaggawa, amma kar su ajiye rezar da nisa.

Hajiya, matar Malam, ke kika yi haƙurin koɗaɗɗun wanduna da abincin da ke hucewa yana can gidan wani tsoho, Allah Ya ba ki ladan, Ya sanyaya zuciyarki. 'Ya'yansa da jikokinsa, ubanku bai bar gidan sama ba, ya bar mutum ɗari uku suna magana bayan ƙasa ta rufe yawancinsu, Allah Ya albarkace ku Ya haɗa kanku. Abokan aikinsa da masu sauraronsa, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, bawanka ya zauna ƙasa da kowa, Ka ɗaukaka shi. Ya rufa wa bayinka asiri da ɗan zare, Ka rufa masa da rahamarka wadda ba ta tsinkewa. Ka haɗa shi da telan nan a inda babu sauran fushi. Ka sa in an tambaye shi ya amsa da sauƙi, yadda ya sauƙaƙa wa duk wanda ya tambaya.

Malam, ƙullinka sha biyu sun cika, ba wanda ya ɓata. Ka huta. Ni ma yau zan zauna.