Hon ɗin Iliyasu

Duk wanda ke hawa motar haya tsakanin Goronyo da Wurno ya san Iliyasu Direba, ko da bai san fuskarsa ba ya san motarsa. Tsohuwa ce tukuf, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, kuma warin albasa ya kama kujerunta har abada. Amma fa kar ka kuskura ka zage ta a gabansa, sai ya sauke ka a daji.

Abin da Iliyasu ya fi ji da shi a motar nan shi ne wani ɗan akwati da ke ƙasan sitiyari, inda fis-fis da rile suke. Yakan ce fis bawan Allah ne: in wuta ta yi yawa shi ke ƙonewa don wayoyi su tsira. Shi ya sa ya tsani direbobin da ke naɗe ƙonannen fis da takardar kwalin sigari, don da idonsa ya ga motar wani ta kama da wuta a kan haka. Rile kuwa ɗan baƙin abu ne mai cewa ƙas, ya buɗe wa babbar wuta hanya.

Matsalar ita ce fis ɗin Iliyasu ba su taɓa cika ba, sai dai aro. Da damina ya cire na rediyo ya ba waifa, da rani waifa ta mayar. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa, shi ne hon.

Dalili kuwa, mahaifiyarsa Inna Sabuwa tana Taloka, gidanta a bakin hanya, kuma idanunta sun daɗe da tafiya. Kullum in zai wuce sai ya danna mata hon mai tsawo, ita kuma ba ta shan furarta sai ta ji. Shiga gidan kuwa sai Juma'a, ita ma in fasinja sun bari.

Wata ranar bazara yana shirin barin Wurno, fankar injin ta tsaya cak. Ya tura motar wurin Mode mai gyaran wayar mota. Mode ya duba fis, lafiya lau. Ya kara kunne a akwatin, bai ji ƙas ba.

"Rilen hwanka ya mutu," in ji Mode. "Kuma ban da irinai sai an zo da shi daga Sakkwato. Amma na hon iri ɗai na, bari in musanya ma."

"Mi? Na hon? Ka taɓa komi ban da wanga!"

"To hon ka sanyaya inji? Iliyasu, ka tahi da mutane gida."

Fasinja suka sa baki, rana kuma tana dukan kowa. Haka Iliyasu ya tsaya yana kallo aka zare rilen hon aka ba fanka, ransa a ɓace kamar an cire masa haƙori.

Suka kama hanyar Goronyo. Tunaninsa ɗaya: tsohuwa na can zaune da ƙwaryar fura, kunne a hanya, za ta yi ta jira har ta fara zargin ko ya faɗa rami. Da suka hango Taloka sai ya gangara gefe, ya durƙusa ƙasan sitiyari. Dabararsa ita ce ya mayar da rilen, ya danna hon, ya wuce, sannan ya sake tsayawa ya ba fanka kayanta.

Wata dattijuwa mai buhun wake, Bara'atu, ta leƙo daga baya ta tambaye shi abin da yake yi. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da alfahari.

"Ɗan nan," in ji ta, "ina gidan yake?"

Ya nuna mata. Ga shi nan, ko jifa aka yi ya kai.

"To ƙahwahunka ma rile suka so?"

Motar ta kwashe da dariya. Iliyasu ya yi tsuru-tsuru, kunya ta rufe shi, don wallahi abin bai taɓa zo masa a rai ba. Ya kashe mota ya taka.

Da ya yi sallama Inna Sabuwa ta zabura. "Iliyasu? Yau ba Juma'a ta ba. Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna. Hon na ya lalace."

Ta jawo shi ta shafa fuskarsa, ta shafa gemun, ta ce ya rame, alhali kujerar direba da ƙyar take ɗaukarsa. Ta miƙa masa ludayi suka sha furar tare, fasinja na can suna fifita. Da ya tashi tafiya ya yi mata alkawarin gobe-goben nan za a gyara.

Ta riƙe hannunsa. "Gyaran nan dole na?"

Rilen ya iso daga Sakkwato tuntuni, yana nan cikin gwangwani a shagon Mode. In ka hau motar Iliyasu yanzu, za ka ga kansa a waje yana yi wa awaki ihu, kuma ka shirya jira a Taloka.