Ganyen Khala Icih da na zubar a gindin dabino

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga Sha'aban 1422, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu Khala Icih a asibiti, bayan wata uku ana yi mata wankin ƙoda. An kai ta maƙabartar Baƙi'a, inda ta daɗe tana roƙon Allah Ya kwantar da ita.

Khala, mutanen unguwarmu Al-Awali suna ce miki Bajawiya, wato 'yar Jawa, ke kuma kullum sai kin gyara musu: ke 'yar Sunda ce, daga duwatsun Garut a Indonesiya. Ba ki jin Hausa, mu ba mu jin yarenku, amma da guntun Larabci kika zama 'yar gida. Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini dariya ba in kin same ni a lungu da littafin soyayya. Sai dai ki tambaye ni ko masoyan sun yi auren, in na ce tukuna, ki ce saurayin rago ne.

Da Ummanmu ta kwanta da tsakuwar ƙoda, kika buɗe gwangwaninki na busasshen ganye, kumis kucing, wato gashin bakin kyanwa, wanda alhazan garinku ke kawo miki sau ɗaya a shekara. Kika ce da shi kakanninki suke jinyar ƙoda. Kowace safiya ki tafasa, ki cika filas, ki miƙo mini ta katanga.

Abbanmu ma'aikacin kantin magani ne. Ya ce ba za a haɗa shi da maganin likita ba, in je in yi miki godiya, in gaya miki ki daina. Sau uku ina zuwa ƙofarki da maganar a bakina. Kina murmushi sai ta maƙale. Sai na koma ina zubar da shi a gindin dabinon bayan gida, in wanke filas, in kawo miki.

"Ta sha, ya binti?"

"Ta sha, Khala."

Kwana arba'in da ɗaya. Da Umma ta miƙe, kika yi ta murna kina gaya wa mata ganyen garinku ne. Na sunkuyar da kai, kika ɗauka kunyar 'yan mata ce.

Sai a zaman makoki na ji 'yarki Neneng tana cewa shekara biyu ke nan kina fama da ƙoda, kuma ganyen maganinki ne da kike sha. Ya ƙare tun kafin Rajab, alhazai kuwa sai Zulhajji. Abba ya ce ciwonki ya wuce ganye, ko kin sha ajali ba ya jira. Na yarda. Amma abin da kika hana kanki ne na zubar, don kawai na kasa faɗin magana ɗaya.

Neneng, ban iya gaya miki baki da baki ba, shi ya sa na rubuta. Yayana Suhaib zai karanta miki da Larabci, ni ma zan zauna a wurin, ba zan gudu ɗaki ba. In kin iya, ki yafe mini a madadinta.

Allah Ka jiƙan Khala Icih, Ka rubuta mata ladan kowane filas kamar an sha. Ka sa ciwonta ya zama kaffara, Ka shayar da ita daga Kausara. Neneng da ɗan'uwanta Asep da dangi na Garut, Allah Ya ba ku haƙurin rashi.

Hibatullahi Ja'afaru, Al-Awali, Madina