Saniyar Koyo

Ɗalibai na kiranta Dakata, saboda duk wanda ya ɗaga allura a gabanta ita ce kalmar da zai fara ji. Likitar dabbobi ce, gajera, mai saurin tafiya, ta daɗe tana koyar da aikin hannu a makarantar kiwon lafiyar dabbobi. A bayan azuzuwa akwai rumfa, a ƙarƙashinta kuma wata tsohuwar saniya, ita kaɗai makarantar ta mallaka. A jikinta ake koyon allura da ɗibar jini da duba ciki. Kowace shekara ɗalibai na ƙaruwa, saniya kuwa tana nan ita ɗaya, wuyanta duk ƙulli. Da ta hango farar riga sai jikinta ya hau rawa.

Dakata ta je wurin shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, wuyan dabbar nan ya zama rariya. Ko a ƙaro shanu, ko a rage hannu."

"Haba likita, ita saniyar ta kawo miki ƙara ne?" in ji shi, yana dariya.

Ta kai maganar taron ƙungiyar likitocin dabbobi, tana neman a kafa doka: kada ɗalibi ya taɓa saniya mai rai sai hannunsa ya faɗa a kan ta roba. Aka tafa mata, aka kafa kwamiti, sannan aka ƙarasa yinin ana gardama kan launin rigar ƙungiya.

A gida ma ba a huta ba. Mijinta mai walda ne, ba shi da yawan magana, amma ran nan sai da ya ajiye cokali.

"Wallahi saniyar nan ta fi ni shiga bakinki. Faɗa min siffarta, in ƙera miki wata, mu ci abinci lafiya."

Ya samo tsohuwar ganga ya yi mata ƙafafun ƙarfe, ya naɗe wuyan da soson katifa, ya bi da siririn tiyo a madadin jijiya. Mummuna ce ƙwarai, amma tana shan allura ba ta motsi. Dakata ta kai ta makaranta, ɗalibai suka yi ta caka, har masu rawar hannu suka nutsu.

Sai shugaba ya gani. Ya sa aka shafa mata fenti, aka zana mata idanu, aka girke ta a ƙofar ofishinsa don nuna wa baƙi. Ya kuma hana a soka mata allura, wai za a ɓata ta.

Dakata ta tuɓe farar rigarta, ta kama gangar ta ƙafa ɗaya, ta ja ta ƙiiii a kan siminti har rumfa, fenti yana gogewa, malamai suna leƙe ta taga.

"Likita, lafiya?" in ji shugaba.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Za ta koma bakin aikinta ne."

Kwamiti ya yi ta zama yana ɗagewa. Ita kuwa ba ta bar shugaban kwamitin ya sha ruwa ba, ko a kasuwa ta gan shi sai ta tare shi. A ƙarshe dokar ta fito, aka kuma sallami tsohuwar saniyar, Dakata ta kai ta gonar yayanta.

Da aka dawo hutu ta nufi rumfa, sai ta tarar da layin ɗalibai, kowa da allura, a tsakiya ga wani ramammen jaki a ɗaure. Shugaban makaranta na tsaye, hannu a baya.

"Na karanta dokar sarai," ya ce. "Shanu ta ambata, ba ta ce komai kan jakuna ba."

Dakata ta kalle shi, ta kalli jakin. Ta kori ɗaliban zuwa wurin ganga, ta kwance igiyar da kanta, sannan ta ciro waya ta kira shugaban kwamiti. Bai ɗauka ba. Ta sake kira.