Diddigen Dabo Mai Tama

Azumi ce ta fara gani, da safe tana sharar tsakar gida. Sawun mijinta ya canza. Ƙafar dama tana nan cikakkiya a kan rairayi, ta hagu kuwa yatsu ne kawai, babu diddige.

Dabo mahaƙin tama ne a wani ƙauye kusa da Zandam, a ƙasar Gwaram. Tun yana saurayi yake shiga rami da dagi, yana fito da jan dutsen da maƙera ke narkawa su sami ƙarfe. A shekarun nan da mahara ke saukowa daga duwatsun Ningi kowa na neman kibiya da mashi, har daga Birnin Kudu ake turo jakuna. Ramin da yake haƙa ubansa ne ya fara shi. Ba shi da gonar kirki, ramin ne abincin gidansa.

Masu haƙa suna da ƙa'idar da suka gada: mai rauni ba ya sauka, wai tama in ta ji jini sai ta ƙi narkewa. Wanda kuma ruwan farko ya tarar ba ya aiki, ya bar raminsa ke nan, sai a ba wani.

Da ya dawo da yamma ta kai masa ruwa, ta tsuguna.

"Maigida, me ya sami ƙafar?"

"Wace ƙafa?"

"Wadda ka daina takawa. Ko tafiyar zakara ka koya da tsufanka?"

Ya ɗan yi dariya, sannan ya kwance tsumman. Tsinin dagi ne ya goce ya huda diddigen. Wurin ya kumbura, bakin ciwon ya yi baƙi.

"Ka je wurin wanzami," in ji ta.

"Wannan mai surutun? Kafin in iso gida Maikano ya ji." Maikano shi ne babban masu haƙa. "Ruwa ya kusa, Azumi. Bari in lallaɓa in kai."

Ta daka bagaruwa ta barbaɗa masa, ta ɗaure da sabon tsumma. Ita ce kuma ta riƙa bin sawun da tsintsiya har bakin hanya, kada maƙwabta su lura.

Haka ya ci gaba da sauka, yana wuni tsaye cikin damshi. Jini bai tona shi ba, wari ne ya tona shi, don ƙasan rami ba iska. Azumi ba ta wurin, a bakin waɗanda suka ɗauko shi ta ji. Wai Maikano ne ya tare shi yana fitowa.

"Dabo, mushe ka binne mana a ƙasan nan?"

Dabo ya ja ƙafar baya, Maikano ya nuna tsumman.

"Kwance mu gani."

Da ya kwance, kowa ya kau da kai. Aka kwashe duk tamar da ya tara a ranin aka zubar a kwazazzabo, tunda babu maƙerin da zai taɓa ta. Maikano ya ce da ya faɗa da wuri, da an riƙe masa ramin. Ko gaskiya ne, Azumi ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba.

Wanzami ya zo, ya tsaga, ya matse, ya yi sakiya. A zaure ya rage murya ya ce mata, "Ya wuce idon sawu. Ku dage da addu'a."

Ruwan farko ya sauka, aka ba wani ramin. Kumburin ya haura gwiwa. Yanzu in Azumi tana shara babu sawun Dabo ko ɗaya, sai shatin jan gindi daga ɗaki zuwa inuwar rumbu.

Ranar da ya kasa haɗiye tuwo, ya ce ta miƙo masa dagin. Ya ɗora shi a cinya, ya goge tsatsar da rairayi, ya shafa masa man kaɗe, ya jingina shi da rumbu.